Gawo Biyar a Bakin Iyaka

Gidan Ɗanasabe,
kusa da Gozaki.
Maris, 1981.

Zuwa ga ƙanwata Liyatu, a Wusasa.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da ƙafar nan taki mai kumbura in an yi doguwar tafiya. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Mai ɗakina Laraba na gaishe ki, ta ce daddawarki tana nan a ƙulle, mai zuwa ne ba a samu ba.

Bayan haka, takardarki ta iso ta hannun mai bishara. Kin san ni da karatu ba mu san juna ba, kuma ban so a karanta mini ita a nan, don bakin mutanenmu rariya ne. Sai na hau mota zuwa kasuwar Bakori, wurin wani Malam Shitu da ke rubuta wa mutane wasiƙa a gindin durumi. Bai san kowa namu ba. Shi ya karanta mini, shi ne kuma yake rubuta wannan.

Na ji ɗanki ya gama makarantar fasaha a Kaduna, ya gama bautar ƙasa, kuma an turo shi aikin gona nan ƙasarmu. Na ce ɗanki ko da yake ni na haife shi, don ke kika ɗauke shi ranar da aka yaye shi, kamar yadda ake yi da ɗan fari, ke kika kuma sa shi boko ina ta faɗa. Yau na ce kin yi daidai. Ki adana wannan magana da kyau, ba za ki sake jin ta ba.

To, ga abin da na yi. Injiniyan noma ba zai dawo ya tarar da gonar ubansa kamar kurmi ba, a yi masa dariya cikin abokansa. Tun da tarakta ta shigo ƙasar nan abin da direbobinta ke faɗa ke nan, ba ta shiga gona mai itace, farantanta karyewa suke a kan saiwa. Saboda haka na sa aka dafa giya, na kira gayya, muka sare itatuwan gawon da ke Gonar Tudu kaf, muka tone kututturan. Har da wanda Inna take kwantar da ke a gindinsa lokacin girbi, har da mai rabin jiki da aradu ta faɗa wa shekarar fara, har da tagwayen nan da Kaka ya ce kada a raba su. Ba a raba su ba, tare suka faɗi. Kafin a sa gatari na zuba musu 'yar giya na nemi gafara. Na san ba ki son jin irin wannan tun da kika bi hanyar mishan, ki tsallake wurin.

Yanzu in kin tsaya a bakin gonar sai ki hango ƙarshenta, fetal kamar faifai. Ban ce ba na jin wani iri in na duba ba. Amma gona ta ɗa ce, ba ta matattu ba.

Kin tuna Maiwada, maƙwabcinmu na iyaka, wanda aka yi mana shayi tare, wanda ya riga ni bikin dami dubu da ƙananan dammai kamar na mata. Ranar gayya ya zo ya dogara da fartanyarsa yana kallo, ya ce wai na aske wa gonata kai kamar jariri ranar suna. Na ce masa wanda ba shi da injiniya a gida dole ya rungumi itace. Aka yi ta shewa, ya koma da kunyarsa. Jibo Bafillatani, da tun zamanin ubansa suke sauke shanu a gonar da rani, shi ma ya zo yana tambaya me shanunsa za su ci yanzu da babu 'ya'yan gawo. Na ce ya bari injiniya ya zo, zai gani.

Kada ki gaya wa ɗanki komai. Ina so ya gani da idonsa.

Ki gaida maigidanki da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya bar zumunci.

Ni ne wanki,
Gwadabe Ɗanasabe.

*

Gidan Ɗanasabe.
Yuli, 1981.

Zuwa ga ƙanwata Liyatu.

Ina gaishe ki da damina, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Ruwa ya sauka da kyau a nan, shuka ta kama. Laraba ta yi zazzaɓi amma ta tashi.

Bayan haka, ya zo. Tun kafin ruwan fari ya zo, na ƙi rubuta miki ne ina jira in ga ko abin zai sake.

A kan babur ya zo, da wani abokinsa Lawal, ɗan Funtuwa, wanda suka yi makaranta ɗaya kuma suke aiki wuri ɗaya. Ya yi tsawo, Liyatu. Wuyan Baba ne sak. Ya durƙusa a ƙofar gida ya gaishe ni, na amsa ina duban wani wuri kamar yadda ya kamata. Da suka sha ruwa na ce wa Laraba, da ƙarfi yadda za a ji, ai baƙi sa so su miƙe ƙafa zuwa gona. Suka tafi, na bi su a baya kamar mai neman akuya.

Lawal na ganin gonar ya juyo ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce ni ne manomin zamani, da za a sami goma irina a ƙasar Kafur da aikinsu ya ƙare. Ni kuwa ba shi nake kallo ba. Ɗanki ya je ya tsaya a bakin ramin da aka tone tagwaye, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya sake ta. Ya dubi gabas ya dubi yamma. Kalma ɗaya ya faɗa, kuma ba da ni yake ba: "Duka?"

Daga nan suka kama gardama shi da Lawal, rabi da Turanci rabi da Hausa, da gani tsohuwar gardama ce da suka taho da ita daga makaranta. Lawal ya ce mutane sun yi yawa, birni na jiran abinci, abin da gayya za ta wuni tana yi tarakta ta gama shi kafin a ci kalaci, kuma ga taki a buhu, me za a yi da itace. Ya ce mini yawancin 'yan ajinsu haka suke gani, shi ya sa suke kiran ɗanki injiniyan kashin shanu. Ɗanki ya ce takin buhu a jirgin ruwa yake zuwa, ranar da jirgin bai zo ba me ƙasa za ta ci. Ya ce gawo na zubar da ganye in ruwa ya sauka, ya ciyar da ƙasa bai tare wa shuka rana ba, da rani 'ya'yansa su jawo shanu, shanu su bar taki, kuma ya tare iskar da ke kwashe fuskar gona.

Liyatu, ni za a gaya wa wannan? Tun ina bin Baba da 'yar fartanyar da aka yanke wa ƙota na san shi. Wa ya sha rankwashi don ya sare tohon gawo a noman fari in ba ni ba? Ashe abin da aka je Kaduna koyo ke nan. Ni na ɗauka boko da itace ba sa ga maciji. Da wani ya raɗa mini ko da a kasuwa ne, da gatari bai taɓa su ba. Ina tsaye da maganar a bakina, amma mutum ba ya sa baki a zancen ɗan farinsa a gaban baƙo.

Suna cikin haka ɗanki ya hango gawo biyar ɗin nan na ƙetaren iyaka, a gefen gonar Maiwada. Ya tsallaka. To, tun daga ranar ban sake ganin gabansa sosai ba, sai ƙeyarsa.

Ya kafa turaku a wurin, wai gonar gwaji. Yana da wani ƙarfe mai murɗi da yake huda ƙasa da shi, ya ɗebi ta gindin itace ya ƙulle daban, ta nesa da itace daban. Ya sa maƙeri ya gyara wa Maiwada garmar shanu yadda za ta riƙa kewaye saiwa. Wannan duk ban damu ba, aiki ne. Abin da ke ci mini rai shi ne zaman. In rana ta yi sai su zauna a kan saiwar babban, Maiwada ya miƙa masa ƙwaryar fura, ya daki kafaɗarsa, ya kira sunansa gatsau. Malam Shitu ya ga sunan a takardarki, hannunsa ne zai rubuta, ba bakina ba: Markus kaza, Markus kaza, kamar shi ya yanka ragon. Ɗanki na tambaya, Maiwada na ba da amsa, yana kaɗa kai kamar wani alƙali.

Kuma da gaskiya yake faɗa da sauƙi. Na koma nome gefen iyaka, har Laraba ta ce ciyawar wurin ta kai ƙarata, na tsince ta tun ba ta fito ba. Da kunnena na ji yana gaya wa yaron wai kakan shi Maiwada ne ya bar itatuwan nan. Maiwada da bai iya kawo sunan kakarsa ta wajen uwa ba! Mutumin da ranar rabon gadonsu ni aka kira na gaya masa inda aka binne cibiyarsa. Shi ne yau ma'ajin tarihi, ɗanki na rubutawa.

Ni kuma Lawal ya maishe ni ɗan gaban goshi. Ya kawo tarakta, ya kawo irin masara, ya kawo taki, ya kafa allo a bakin hanya da sunana. Manya na zuwa da motoci su tsaya su duba, in sa babbar riga in tsaya kamar dogari. Masarar ta yi baƙi ƙirin don kyau. Amma in na ji ƙarar babur daga nesa na san wanne ne, na kuma san ba a allona zai tsaya ba. Yakan rage gudu ya cire hula, ya wuce.

Ina so ki gaya mini tsakani da Allah, ko kin taɓa faɗa masa wani abu a kaina yana yaro? Ba zargin ki nake ba. Ke dai kin more. Ke kin san yadda yake dariya tun yana da haƙora biyu. Ni sai bana na fara jin ta, ita ma daga ƙetaren iyaka.

A gaida yara. Allah ya kai mu kaka lafiya.

Wanki,
Gwadabe.

*

Gidan Ɗanasabe.
Fabrairu, 1982.

Ƙanwata Liyatu,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiya. Na ji kun yi bikinku na Kirsimati lafiya, ɗanki ya je muku da buhun wake. Waken gonar wa? Ba sai kin ba ni amsa ba.

Amsarki ta iso. Kin ce in kira shi in zaunar da shi mu yi magana kamar mutane, wai zamani ya sake. Zamani ya sake a Wusasa. Baba har ya mutu bai kira sunana ba, bai taɓa cin tuwo ina wurin ba, kuma ban mutu ba. In na fara hira da ɗan fari a bainar jama'a, gobe Maiwada ya sami abin faɗa har ya shiga kabari. Kuma don me ni zan kira? Ƙafarsa ta san hanyar gidan wani, ta san ta nan.

Masara ta yi. Sai da na gina sabon rumbu, shi ma ya cika har na ajiye saura a kan rumfa. Abin da aka samu a gonar gwajin Maiwada bai kama ƙafar nawa ba, na tabbatar, don na aiki idona. Lawal ya yi ta tsokanar ɗanki a gabana, ya ce to injiniya, ina jirgin da ya ƙi zuwa. Ɗanki ya ce a sake gwadawa bayan shekara goma. Na taya Lawal dariya da ƙarfi don a ji. Da na dawo gida tuwo ya ƙi shiga.

Jibo bai sauka a gonata bana ba. Ya zo har gida da ƙwaryar nono ya ba ni haƙuri, ya ce shanu ba su san zumunci ba, inuwa suka sani da 'ya'yan gawo. Yana can gindin biyar ɗin nan. Da safe sai in ji kukan maruƙa daga can, hayaƙin ruga na tashi, ni tawa gonar iska na share ta kamar tsakar gida. Ɗanki kuwa har can yake bin su yana duba kashin shanu, su uku su zauna, shi da Jibo da Maiwada.

Abin da ya ƙarasa ni a kasuwar Kafur ya faru. Ina rumfar masu gishiri, babur ɗin ɗanki ya wuce, wani mai bakin tsiya ya ce ga ɗan Maiwada can. Da wasa ya faɗa, ya san ina wurin. Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma a hanyar gida na tuna abin da na daɗe da sani ban taɓa ɗagawa ba.

Liyatu, gefen nan mai gawo biyar ba na Maiwada ba ne. Namu ne. Ke lokacin kin riga kin tafi mishan. Shekarar da rafi ya cinye fadamarsu, uban Maiwada ya zo ya durƙusa wa Baba, Baba ya yanka masa wurin aro, ya ce ya ci har ya farfaɗo. Ya farfaɗo, Baba ya mutu, shi ma ya mutu, ba wanda ya sake ta da zancen aron. Iyakar gonar ta gaskiya ba gambar da ake gani yanzu ba ce. Tana bayan itatuwan, inda aka binne fasasshen dutsen niƙan Inna tun kafin aron, ni na ɗauko shi a ka.

Kin san duk rigimar iyaka a ƙasar nan ni dagaci ke aika wa a kira, kuma ba a taɓa kama ni da ƙarya ba. Wannan karon ni na kai kaina. Aka taru, dattawa suka zo, na nuna wuri da sandata, aka tona. Ga dutse. Ba wanda ya yi mamaki sai yara. Dagaci ya tambayi Maiwada ko yana da magana. Na shirya masa amsoshi tun daga gida, na san zai yi rantsuwa, zai kira tsafin gidansu. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dube ni ya ce, "Gwadabe, ba gonar kake so ba." Na ce a rubuta cewa bai musa ba.

An yanke, da zarar Jibo ya tashi wurin ya dawo hannuna. Dattawa biyu sun biyo ni suna cewa aro da ya wuce shekara ashirin ba a karɓarsa haka, matar Maiwada a nan take noma 'yar gayaunarta. Na ce aro aro ne ko ya yi furfura. Laraba ba ta yi mini magana ba kwana da kwanaki.

Su ce abin da za su ce. Yanzu itatuwan nawa ne, turakun ɗanki a cikin gonata suke. Wanda yake son ya san labarin gawo ya san ƙofar da zai yi sallama. Mu gani.

Ki gaida maigidanki, ki ce masa ina nan da raina.

Wanki,
Gwadabe.

*

Gidan Ɗanasabe.
Mayu, 1982.

Zuwa ga ƙanwata, 'yar uwata ciki ɗaya, Liyatu.

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Mu nan hadari na haɗuwa yana watsewa, ana jiran ruwan shuka.

Faɗanki ya iso. Malam Shitu ya so ya tsallake wasu wurare, na ce ya karanta duka. Gonar dai ba zan mayar ba, kada ki sake ɗauko zancen.

Kin riga ni jin cewa ɗanki ya nemi a sauya masa wurin aiki zuwa wajen Saminaka, kuma an ba shi. Ni a bakin Lawal na ji. Ya zo ne yana murna wai tun da gefen nan ya dawo hannuna, a kawo katafila a tuge biyar ɗin, tarakta ta riƙa miƙewa har ƙarshe. Na ce wanda ya taɓa su sai ya fara da ni. Ya yi dariya ya ce ashe ciwon na gida ne. Yaron kirki ne Lawal, shi dai ya yarda da buhunsa. A nan ne ya ce ai abokin gardamarsa ma zai tafi, ya ce masa ba zai iya aiki a inda zamansa ke raba tsofaffi da gonakinsu ba.

Tun ranar shari'a babur bai sake bin hanyar nan ba. Jibo ya tashi, wurin ya zama nawa. Kullum ina can, wai sharar gona, na share har ba abin sharewa. Ina zama a kan saiwar nan da suke zama. Ba daɗi, Liyatu, ban san me suka gani a wurin ba.

Ranar kasuwar da ta wuce, da hantsi, sai ga shi, shi kaɗai. Ya jingine babur, ya zo ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, ya ce ya zo cire turakunsa ne in na ba da izini. Izini, kamar wani baƙo da ya zo gonar mai gari. Na ɗaga masa hannu. Ya bi su ɗaya ɗaya yana cirewa, ya huda ƙasa ya ƙulle ta ƙarshe. Ni ina ta faman tara karan da na riga na tara. Ba kowa a wurin, ko tsuntsu. Da ya gama ya ɗaure turakun, na ɗauka tafiya zai yi. Sai ya koma ya tsaya a gindin ƙaramin cikinsu, na bakin gamba, ya dafa shi. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Ya ce, "Baba, wa ya bar waɗannan?"

Shekara guda ina jiran wannan tambaya. Saboda ita na tona dutsen Inna, na ɓata da dattawa, na hana tsohuwa gayaunarta. Amsar na nan a jere a bakina tun daga kan Kaka. Na buɗe baki, sai na ga ƙwaryar furar nan, na ji hannun nan a kafaɗarsa. Abin da ya fito shi ne, "Je ka tambayi Maiwada."

Ya sauke hannunsa daga itacen. Ya ce, "To, Baba." Ya hau babur. Na bi shi da ido in ga ko zai karya ta gidan Maiwada, har ina fata ya karya in sami abin riƙewa. Bai karya ba, ya miƙe hanyar Kafur.

Kin ce zai kwana wurinki a hanyarsa ta zuwa sabon wurin. To, na ce wa Malam Shitu ya gyara zama ya rubuta a hankali, kada ya rage ko ya ƙara.

Babban, wanda suke zama a kan saiwarsa, ya girmi kowa. Kaka ya tarar da shi da ya sari dajin, a gindinsa ya kwana kafin ya yi bukka, kuma daga cikin kogonsa aka ɗebi zumar da aka kai gaisuwar auren kakarmu. Biyun da ke kusa da shi Baba ne ya bar su shekarar da aka fara tilasta noman auduga, malamin gona ya ce a cire, Baba ya rufe su da tsohon kwando har mutumin ya daina zuwa. Mai karkata zuwa yamma na Inna ne. Akuyarta ce ta kawo irin a cikinta, ita kuma ta kewaye tohon da ƙaya don kada 'yar banzar ta koma ta cinye abin da ta shuka. Haka take faɗa tana dariya, kin san ta.

Ƙaramin da ya dafa, Maiwada ya ce masa wai da kansa ya fito. Ƙarya ne. Ina noman fari a wurin, damina biyu kafin a ba da aron, aka aiko daga gida cewa Laraba ta sauka, namiji. Ga Baba yana noma a kunya ta gaba, ga ƙannen Baba. Kin san ba a ɗaga kai a irin wannan, ba a tambaya, ba a tafiya gida. Na ce wa ɗan aiken na ji, na ci gaba da noma. Na rasa inda zan sa kaina. Sai ga toho a gaban fartanyata, bai kai ɗan yatsa ba. Na kewaye shi, na tara masa ƙasa. Iyakar abin da na iya yi masa ke nan a ranar. Bayan an ba da aro ma nakan tsallaka da rani in sassabe masa rassan ƙasa don ya miƙe, Maiwada na cewa ina satar masa itacen wuta.

Ki karanta masa wannan bayan ya ci abinci. Kada ki ce ni na ce a karanta, ki ce kin tsinci takardar ne kina gyaran ɗaki. In ya yi wata tambaya, ki rubuto mini ita yadda ya faɗe ta, kada ki gyara. Akwai saura da yawa, kuma Maiwada bai san ko ɗaya ba.

Laraba na gaishe ki, ta sa daddawar a kayansa tun ranar, ki tambaye shi. Allah ya kiyaye hanya, ya bar mu tare.

Ni ne wanki,
Gwadabe Ɗanasabe.